Na shiga kotun karayar arziki a Ohayo, na fito da sunayen sanatoci a aljihu

A makon da ya gabaci 17 ga Oktoba 2005, kotunan karayar arziki a faɗin Amurka sun cika sun batse. A wasu biranen layi ya kai har bakin titi, kowa rungume da takardu, ana rige-rigen shigar da su kafin sabuwar dokar karayar arziki ta fara aiki a wannan ranar. Shekarar ta ƙare da sama da mutum miliyan 2 da suka nemi kotu ta raba su da bashi, abin da ba a taɓa gani ba. Ni ba na cikin layin. Ina Kolombus ta jihar Ohayo a lokacin, ina aikin dare a wani babban siton kaya, kuma a tarbiyyar da na taso da ita a Zariya, ɗan halak ba ya zuwa gaban hukuma ya ce a yafe masa abin da ya ci. Sai a tsakiyar 2006 na je, bayan an riga an ƙuntata ƙofar.

Bashin namu ba wani labari ne mai tsawo ba. Na canza wurin aiki, inshorar lafiya ta sabon wurin ba ta fara ba sai an yi wata uku, a wannan tsakanin aka yi wa uwargida tiyatar gaggawa, ciwon ya rikice, aka sake shiga da ita. Ta bar aikinta na kula da tsofaffi. Cefane da man mota da magani suka koma kan katin bashi. Da na makara biyan kati ɗaya, sauran katunan ma suka ɗaga kuɗin ruwansu zuwa kusan kashi 30 cikin 100, domin a wancan zamanin suna da damar yin haka ko da ba su ne ka saɓa wa ba. Duk wata ga tarar makara dala 39. Sai wayar 'yan karɓar bashi tun kafin yara su tafi makaranta, sai sammaci, sai hukunci, sai na ga an fara cire rubu'in albashina kafin ya iso hannuna.

Kafin lauya, wurin limaminmu na fara zuwa. Bayan sallar isha na tsaya har masallaci ya watse, na ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana mai nauyi." Ya saurara har na gama. Ya ce a Suratul Baƙara an umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da sanin hukuncin muflisi, alƙali ne ke tattara abin da ya rage masa ya raba wa masu binsa. "Ruwan da suka ɗora maka dama can ba haƙƙinsu ba ne," in ji shi. "Amma abin da ɗan'uwanka ya zaro daga aljihunsa ya ba ka, wannan babu alƙalin Amurka da zai sauke maka shi. Ranar da Allah ya buɗa, ka biya."

Lauyar da na samu wata dattijuwa ce mai ɗan ofis a saman wani shagon wanki. Abu na farko da ta gaya mini shi ne ba za ta shigar da ko shafi ɗaya ba sai na biya ta kuɗinta cif. Ba mugunta ba ce. Daga ranar da takardu suka shiga kotu, abin da take bi na ya zama bashi kamar sauran, shi ma a shafe shi. Kuɗin nata ya ɗan haura dala dubu, kuma ta ce bara warhaka da ƙasa da haka za ta karɓa, amma yanzu aikin ya ninka, ga shi dokar ta ɗora wa lauya alhakin tabbatar da abin da ke cikin takardun. Daga baya ofishin binciken kuɗi na majalisar tarayya ya fitar da rahoto a 2008 da ya nuna matsakaicin kuɗin lauya a irin wannan shari'a ya tashi daga dala 712 zuwa 1,078. Kuɗin kotu kuwa, da yake dala 209 kafin dokar, ya koma 274, a Afrilun 2006 ya sake hawa zuwa 299. Mutum ya zo ne don ba shi da ko sisi, ana ce masa ya nemo kusan dala 1,500 tukuna. Kwasar adashinmu ce ta fitar da ni.

Ta bayyana mini hanyoyi biyu. A Babi na 7 na dokar, ana duba abin da ka mallaka, a bar maka abin da dokar jiharka ta keɓe, a sayar da sauran in akwai, a shafe bashin cikin 'yan watanni. A Babi na 13 kuwa za ka yi shekara uku zuwa biyar kana zuba wani kaso na albashinka. Da, mutum da lauyansa ne ke zaɓa, alƙali ya sa ido a kan mai neman yin zamba. Yanzu sai an yi maka awon samu. Ana haɗa duk abin da ya shigo gidanka a watanni shida da suka wuce, a kwatanta da matsakaicin samun gida mai yawan mutanenku a jiharku. In ka gaza shi, ka wuce. In ka haura, a shiga wani lissafin da ma'aunin hukumar haraji, wanda shi zai ce nawa ya kamata ka kashe a abinci da haya da mota, ba abin da kake kashewa a zahiri ba. Abin mamakin awon shi ne baya yake kallo. Wanda aka kora daga aiki watan jiya zai iya fitowa a takarda a matsayin mai hali.

Mu mun gaza ma'aunin da tazara mai yawa, kamar yadda mafi yawan masu zuwa ke gazawa. To amma sai mun tabbatar. Takardun albashi na kwana 60, takardar harajin bara, bayanan banki, jerin duk abin da ke cikin gida da kimarsa in za a sayar a gwanjo. Mun zauna a tsakar ɗaki ni da uwargida muna yi wa kayanmu kuɗi. Kujeru nawa, tukwane nawa, keken ɗinki nawa. Da muka zo kan 'yan kunne da sarƙar da mahaifiyarta ta ba ta ranar kai ta ɗaki, sai ta ajiye biro.

"Baban Hauwa, har wannan?"

"Har shi. Rantsuwa za mu yi a kai."

Ta ciro su daga ƙasan akwati, cikin wani tsohon gwangwanin alawa, ta auna a tafin hannunta ta faɗi kuɗi. Allah ya sa ba su wuce abin da doka ta keɓe ba. Motar ma ta tsira, don jihar Ohayo a lokacin dala 1,000 kacal take kare wa mutum a mota, tawa kuwa ko a kasuwar 'yan gwangwan ba za ta kai haka ba.

Abin da ya fi yi mini zafi ba sabuwar dokar ce ta kawo shi ba, gaskiya ɗaya ce, tsohuwar ƙa'ida ce. Dole ka rubuta duk wanda ke bin ka, har wanda ba ku yi takarda ba. Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi mai shagon kayan abinci, da ya ba ni dala 2,000 ranar tiyata ta biyu ba tare da na roƙa ba. Lauya ta ce sunansa zai shiga, kotu kuma za ta aika masa wasiƙa. Haka ragowar zubin adashi da ke kaina. Sannan akwai kuɗin da na mayar wa ƙanin matata a bara: duk abin da ka biya dangi cikin shekara guda kafin shigar da takardu, ana iya bin su a karɓo a raba wa bankuna. Sai muka jira shekarar ta cika, ana ci gaba da yankar albashina.

Na je shagon dattijon kafin wasiƙa ta riga ni. Na daɗe ina kewaye-kewaye a gaban buhunan shinkafa.

"Baba Alhaji, takarda za ta zo maka daga kotu, da sunana a kai. Za ta ce kada ka tambaye ni kuɗinka."

"Na taɓa tambayarka?"

"A'a."

"To me ya kawo maganar kotu tsakanina da kai? Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ɗauki man gyaɗa ka kai wa mai jiki."

Sai kuma nasiha ta dole. Sabuwar dokar ta ce ba za ka shigar da takardu ba sai ka kawo shaidar cewa cikin kwana 180 da suka wuce ka zauna da wata cibiyar ba da shawara kan bashi da gwamnati ta amince da ita. Ta waya muka yi, dala 50. Wata yarinya mai ladabi ta karanto tambayoyi, na ba ta lambobin da na riga na ba lauya, ta buga a kwamfuta, ta yi shiru, sannan ta ce a gaskiya babu wani tsarin biya da zai yi mana aiki. Ta turo shaida ta fakis. Abin da na sani tun kafin in ɗaga wayar shi na saya da kuɗin cefanen mako.

Ranar da na kai shaidar ofishin lauya ne na kasa haƙuri. Na ce wai wa ya zauna ya tsara wannan? Ba ta ko ɗago kai daga takardun ba. Ta ce, "Kai ɗan ƙasa ne, kana zaɓe. Je ka duba yadda sanatocinka suka yi."

Na je laburaren unguwa na buga jerin daga shafin majalisar dattawa. Ranar 10 ga Maris 2005, ƙuri'a 74 sun amince, 25 sun ƙi. Duk 'yan Rifablikan 55 sun amince, ciki har da namu biyu na Ohayo, Mike DeWine da George Voinovich. Wannan bai ba ni mamaki ba, Sanata Chuck Grassley na jam'iyyarsu ne ya kawo ƙudirin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'yan Dimokurat 18 da suka bi su, jam'iyyar da mu baƙi da ma'aikatan sito muke ɗauka tamu ce. Ga sunan Harry Reid, shugabansu a majalisar. Ga Joe Biden na Delaware. Wannan sunan jihar na san shi, domin yawancin ambulan ɗin da ke cika mini akwatin wasiƙa daga birnin Wilmington suke zuwa. Tun 1981 jihar ta yi dokar da ta sakar wa bankuna mara a kan kuɗin ruwa, bayan Kotun Ƙoli ta yanke a 1978 cewa banki zai iya caje ka da ƙa'idar jihar da yake zaune, ba ta jihar da kake ba. Kamfanin katin bashi na MBNA can yake, ma'aikatansa kuma suna cikin manyan masu zuba wa Biden kuɗin kamfe. A majalisar wakilai, ranar 14 ga Afrilu, 302 ne suka amince, 126 suka ƙi, 'yan Dimokurat 73 suna cikin masu amincewa. Shugaba Bush ya sa hannu ranar 20 ga wata.

Na ci gaba da tono, don abin ya zame mini kamar sosa ƙaiƙayi. Tun 1997 bankuna ke kamun ƙafa a kan wannan ƙudiri. A 2000 ya wuce majalisa, Bill Clinton ya ƙi sa hannu har lokacinsa ya ƙare. A zagayen 2005 an kawo gyare-gyare ɗaya bayan ɗaya, ana kayar da su. Ted Kennedy ya nemi a sassauta wa waɗanda kuɗin asibiti ya durƙusar, aka ƙi. Dick Durbin ya nemi kariya ga sojoji, alhali ana tsakiyar yaƙin Iraƙi, aka ƙi. Mark Dayton ya ce to a ƙayyade kuɗin ruwa kada ya wuce kashi 30, ƙuri'a 24 kawai ya samu. Chuck Schumer ya nemi a toshe asusun amana da attajirai ke ɓoye dukiya a ciki, shi ma aka ƙi. Wata guda kafin ƙuri'ar, Elizabeth Warren, tana farfesa a Harvard a lokacin, ita da abokan aikinta sun fitar da binciken da ya ce kusan rabin masu zuwa kotu rashin lafiya na da hannu a faɗuwarsu. Wasu masana sun yi jayayya da adadin, amma ni ba na buƙatar a auna mini. Da guguwar Katrina ta share Niyu Olins a Agusta aka roƙi a ɗage wa mutanen can dokar, shugaban kwamitin shari'a na majalisar wakilai, James Sensenbrenner, ya ce babu wannan maganar. Manyan kamfanoni kuwa sun san kalanda: kamfanonin jiragen sama na Delta da Northwest sun shigar da nasu takardun ranar 14 ga Satumba, Delphi mai ƙera kayan mota ranar 8 ga Oktoba, duk kafin ƙofa ta canza.

Ban ce babu 'yan damfara ba. Na san wanda ya cika katunansa da gangan ya tattara ya koma gida. Amma irinsa ba ya tsayawa cike fom, kuma tsohuwar doka ma tana da hanyar kama shi.

Ranar da takardunmu suka shiga, waya ta yi tsit. Doka ce: daga wannan lokacin babu mai kira, babu mai taɓa albashi. Bayan kamar wata guda aka kira mu zaman masu bin bashi. Ba a gaban alƙali ake yi ba, ni har aka gama ban ga alƙali da idona ba. Wani ɗaki ne mai kujerun roba, a gaba ga amintaccen da aka naɗa ya binciki dukiyarmu, da rikoda a kan tebur. Kowa na jin na kowa. Kafin mu an kira wani tsoho da hular tsofaffin sojoji, sai wata mata da kayan aikin asibiti a jikinta, ga alama daga aikin dare ta wuto. Da aka zo kanmu ya karɓi lasin tuƙi da katin lambar ɗan ƙasa, muka ɗaga hannu muka rantse. Kun karanta kafin ku sa hannu? Kun lissafa duk abin da kuka mallaka? Kuna da gida ko fili a ko'ina a duniya? Ya ga kuɗin da nake tura wa gida duk wata, ya tambaya, na ce na abincin mahaifina ne. Sai ya ce, da murya irin ta wanda ya faɗi abu sau dubu, in wani ya rasu ya bar mana gado cikin kwana 180, wajibi ne mu sanar da shi. Mahaifina yana kwance a lokacin. Uwargida ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, na ce na ji. Ya tambayi ɗakin ko akwai mai bin mu bashi da ya zo. Babu kowa. Bankunan da suka yi shekara takwas suna neman dokar ba su ga ya kai su turo ko ɗan aike ba. Duka zaman bai kai minti goma ba.

A bakin lif matar nan ta asibiti ta ga takardar da ke leƙowa daga aljihun rigata. Na miƙa mata. Ta bi sunayen da yatsa har ta tsaya a kan DeWine. Ta ce sau biyu tana zaɓensa. Ta faɗi wata kalma da ba zan rubuta ba, ta mayar mini, lif ya buɗe kowa ya kama gabansa. Ko sunan juna ba mu tambaya ba.

Nan matsalar fushinmu take. Mu dubban ɗaruruwa ne a kowace shekara, amma babu mai so maƙwabcinsa ya sani. Manomi yana da ƙungiya, mai bindiga yana da ƙungiya, tsofaffi suna da tasu mai ƙarfin gaske. Wanda ya karye ba ya ɗaga kwali da sunansa. Ni kaina, a masallacinmu mutum biyu ne suka sani.

Saura darasi na biyu, shi ma sabon abu, na koyon sarrafa kuɗi, wanda in ba ka yi ba ba za a sallame ka ba. Awa biyu ana koya wa matar da ke ciyar da mutum biyar da kaza ɗaya yadda ake tsimi. Takardar sallama ta iso ana saura 'yan kwanaki zaɓe. Tare da ita, a mako guda, sai ga tayin sababbin katunan bashi. Sun san dokar ta mayar da tazarar sake shiga Babi na 7 daga shekara shida zuwa takwas, don haka babu abokin ciniki mai daɗi kamar wanda aka sallama jiya.

Ranar 7 ga Nuwamba 2006 na yi jigilar mutanenmu zuwa rumfar zaɓe da tsohuwar motar nan. Sherrod Brown, wanda ya ƙi ƙudirin yana majalisar wakilai, ya kayar da DeWine. Na yi murna, amma ba zan ce mu muka kayar da shi ba. Yaƙin Iraƙi, rufe masana'antu da badaƙalar kuɗi a gwamnatin jihar su ne ke bakin mutane. 'Yan Dimokurat sun karɓe majalisun biyu a wannan zaɓen, dokar tana nan. A Afrilun 2009, gidajen mutane na ta salwanta, Durbin ya kawo gyaran da zai ba alƙali ikon rage bashin gida, ya samu ƙuri'a 45 a majalisar da jam'iyyarsa ke da rinjaye, har ya fito ya ce bankuna ne ke mallakar wurin. Sau ɗaya na ga fushin ya yi cizo: a Nuwamban 2008, da aka sa tambayar kai tsaye a takardar zaɓen Ohayo, kusan kashi biyu cikin uku suka goyi bayan ƙayyade ruwan masu ba da bashin kafin albashi a kashi 28. A rumfa babu mai ganin ka. Masu ba da bashin kuma suka sake lasisi suka ci gaba da harkarsu, sai a 2018 aka sake toshe su.

DeWine ya dawo ya ci gwamna a 2018. Biden ya yi mataimakin shugaban ƙasa, a 2020 ya tsaya takarar shugabanci. Warren ta taso masa da maganar 2005 a zaɓen fitar da gwani, da ta janye ya ce ya karɓi tsarinta na gyara dokar. Ni kuma a farkon wannan shekarar gwamnatin Trump ta sa Najeriya cikin ƙasashen da aka hana bizar zama, takardun ƙanwata suna kan layi. Biden na zaɓa. Ya soke hanin a ranarsa ta farko a ofis. Awon samu, da nasihar dole, da darasin tsimi, duk suna nan har ya sauka, kuɗin kotu kuma ya kai dala 338.

Baba Alhaji na biya shi da kaɗan-kaɗan bayan sallama, doka ba ta hana mutum biya da son ransa ba. Tabon ya yi shekara goma a bayanan bashina kafin ya goge. Da Hauwa ta samu gurbi a wata jami'a mai tsada a wata jiha, aka turo fom ɗin bashin karatu na banki mai zaman kansa, wurin sa hannuna an yi masa alama da rawaya. Dokar 2005 ce ta sa irin wannan bashin cikin waɗanda kotu ba ta shafewa sai da kyar da jibin goshi, ko mutum ya karye ko bai karye ba. Na ce ba zan sa ba. Ta yi mako ba ta yi mini magana in ban da gaisuwa. A kwalejin gari ta yi shekara biyun farko, tana kwana a gida, sannan ta ƙarasa a jami'ar jiha.